Injin Markaɗen Inna Da Maganar Salansa

Duk wadda ta taɓa riƙe injin markaɗe ta san rufin asirin da ke cikinsa. Daga kuɗin markaɗen wake da tattasai ake fitar da na sabulu, na makarantar allo, har da zubin adashi. Sai dai injin nan yana da wani ɓangare da muke rainawa, alhali numfashin 'ya'yanmu na rataye da shi, wato salansa.

Namu na marigayiya Inna ne, a nan Wagini, ƙaramar hukumar Batsari. Ya tsaya a 2021, lokacin da gwamnatin Katsina ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar 'yan bindiga da ke addabar yankinmu na bakin dajin Rugu. Babu mai, babu markaɗe. Aka jingine shi a zaure, damina bayan damina, har tsatsa ta ci rabonta. Bayan rasuwarta ya faɗo a kasona na gado, na ƙudura sai na tashe shi.

Ƙanena bakanike ne a Batsari. Ya wanke kafireto, ya canja fulogi da bel, ya zuba sabon baƙin mai. Ja uku injin ya tashi. Murna ta kama ni, amma shi bai saki fuska ba. Ya nuna mini salansar: gindinta ya rube, ga huda kamar rariya, ga baƙin toka a inda take haɗuwa da kan injin. Ya ce, "Yaya, ba zan bar miki shi haka ba. Duk inda kika ga baƙin nan, hayaƙi ke tsiyaya, kuma daidai fuskarki yake fita."

Maƙwabta suka ce ɓarnar kuɗi ce, ai salansa ƙara kawai take ragewa. Ga fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ga azumi na matsowa, lokacin da kowane gida ke markaɗen ƙosai. Kuɗin da ya rage a hannuna na jarin mai ne. Na ɗauka na ba shi.

Dalilina shi ne, hayaƙin injin fetur yana ɗauke da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da wani abu. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da kowace uwa za ta ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Jarirai da masu juna biyu sun fi saurin jikkata. Ita ce ke kashe iyalai cikin barci idan aka kwana da janareta a rufaffen wuri. Ko a Amurka, a tafkin Powell, an rasa rayuka saboda hayaƙin injinan jiragen ruwa, alhali mutanen suna sarari, suna wanka a bayan jirgin.

Kwana biyu aka yi ana aikin. Notunan sun kafe, sai da aka jiƙa su da mai suka kwana kafin su kwance. Aka kankare bakin, aka sa sabon gaskit da sabuwar salansa. Mai walda ya jona mata bututu mai faɗi, don siriri yana shaƙe inji ya rage masa ƙarfi, ya lanƙwasa shi sama har ya wuce tsayin katanga. Ya kuma kewaye shi da raga, domin ƙarfen na yin zafin da zai saɓule fatar yaro.

Wani abu da ƙanena ya nanata: salansa ba ta wanke guba, hanya kawai take nuna wa hayaƙi. Saboda haka injin bai koma zaure ba. Mun kafa masa rumfa a tsakar gida, buɗe ta kowane gefe, nesa da tagogin ɗakuna. Da dare, bayan ya huce, mukan ja shi ciki saboda ɓarayi, amma ba a taɓa tayar da shi a can. Kuma na kafa doka: mai goyo ta miƙo robarta ta koma gindin bishiya, yaran da aka aiko su jira daga nesa.

'Yar uwa, ko markaɗe gare ki, ko janareta, ko babur ɗin maigida da ake ɗumamawa a zaure da asuba, ki leƙa salansar yau. Idan kin ga baƙi a mahaɗa, ko ƙarar ta canja, a kai wa mai gyara. Idan kuma mutum biyu ko uku suka kama ciwon kai lokaci guda inji na aiki, a kashe shi, a fitar da kowa iska, a nufi asibiti. Manja da madara ba sa fitar da wannan guba. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a sana'o'inmu.