Wa Ya Yi Kisa A Damben Baki?

Ɗan dambe ya huta da gardama. In aka shiga fage aka yi turmi ɗaya, biyu, uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa shi ke nan an kashe shi, ko da kuwa mutanen ƙauyensu ne suka cika wurin. Ɗan Anace bai taɓa bukatar alƙali ya gaya masa ranar da Shago ya yi kisa ba. Amma damben baki fa, watau mawaƙa biyu su tsaya gaba da gaba kowa yana saran ɗan'uwansa da magana, ba mai faɗuwa. Kowa zai sauka da ƙafafunsa yana cewa shi ya ci. To, da me za a auna?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan rigima baƙuwa ce, wai sai da samari suka koyo gambarar zamani daga Amurka. Sa'adu Zungur ya rubuta "Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya", Mudi Sipikin ya mayar masa da "Arewa Jumhuriya Kawai". A 1963 Nijeriya ta zama jumhuriya, sarakuna kuwa ga su nan har gobe, saboda haka kowane ɓangare yana da abin kafa hujja. Can Amurkar ma ba su huta ba. A 2001, da Jay-Z da Nas suka kara, sai da gidan rediyon Hot 97 na New York ya sa masu sauraro suka yi ƙuri'a, suka ba Nas. A 2024 Kendrick Lamar da Drake suka yi tasu. Waƙar Kendrick mai suna "Not Like Us" ta ci lambobin Grammy 5 a 2025, Drake kuwa ya kai kamfanin da ya fitar da ita ƙara, kotu ta kori ƙarar. Ka ji inda faɗan baki ya kai mutum gaban alƙalin gaske.

Ni nawa alƙalancin bai kai nan ba, amma ya hana ni barci. Mahaifina mutumin Gaya ne, mahaifiyata kuwa daga ƙasar Ajingi aka auro ta. Kashegarin Ƙaramar Sallah ta 2025 samarin unguwarmu suka shirya wasa a wani fili, suka yi hayar lasifika, suka gayyato wani yaro daga Ajingi ya kara da gwaninmu na Gaya. Suka ce tun da ina karatun Hausa a jami'a, kuma ina da jini a ɓangarorin biyu, ni zan yanke. Na so in zame, yayana ya ce, "Haba malam, in ba ku ba wa? Karatun naku na mene ne?"

Aka yi sharaɗi, turmi uku kamar na dambe. Na Gaya ya fara, kuma gaskiya ɗaya ce, yaron yana da murya. Kalmominsa suna faɗawa kan kiɗa daidai, amsa-amonsa bai karye ko sau ɗaya ba. Ya yi kirari da cewa Abagayawa, mutanen farko na Kano, daga Gaya suka fito, maƙerinsu ya tafi Dala neman tama ya kafa gari. Ya ƙara da cewa Ajingi a ƙarƙashin masarautar Gaya take, saboda haka bara ba ya ɗaga wa ubangijinsa murya. Fili ya ɗauki sowa, har wani ya jefa hularsa sama.

Na Ajingi siriri ne, muryarsa ba ta kai ta wancan ba, sau biyu kiɗa ya tsere masa. Amma da ya karɓi makirfo sai ya kama maganar maƙerin nan ya juya ta. Ya ce ashe kakan da ake taƙama da shi, da ya duba garinsu bai ga abin ƙira ba, sai ya ɗaure kayansa ya yi yamma, kuma har yau ba a ji ya komo ba; wanda ya yi kirari da gudun kakansa, me ya rage a faɗa masa? Wallahi wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, sa'an nan dariya ta ɓarke, har cikin mutanenmu. Wannan baiti ba daga gida ya zo da shi ba, domin bai san abin da za a ce masa ba sai da ya ji.

A nan ne na sami ma'aunina. Malamanmu sun koya mana bambancin zambo da habaici da zagi. Zambo shi ne ka siffanta mutum yadda za a yi masa dariya. Habaici ka harba magana ba ka ambaci suna ba, mai ita ya tsinci kayarsa. Zagi kuwa ko yaron da bai iya wanke hannu ba ya iya shi. A turmi na biyu na Gaya ya ci gaba da rera abin da ya haddace, kamar ba a ce masa kome ba. Raunin da aka yi masa yana zubar da jini, shi kuwa yana ta yabon takalminsa. A na uku da ya ga abin ya ƙi, sai ya sauka kan mahaifiyar yaron. Sowa ta fi ta farko ƙarfi, amma na lura dattawa biyu da ke gefe sun tashi sun kaɗe rigunansu.

Aka zuba mini ido. In don tafi ne, na Gaya ya yi nisa, amma a garinsu yake, cikin abokan wasansa. Baƙon kuwa a babura uku mutanensa suka zo. Tafi a irin wannan wuri ƙidayar dangi ne kawai. Na miƙe, gwiwata tana rawa, na ce turmi na farko na raba shi biyu, murya da kiɗa na Gaya, amsa ta Ajingi. Sauran biyun na baƙo ne, domin shi kaɗai ya saurari abokin karawarsa ya mayar masa, kuma bai taɓa uwar kowa ba.

Ba a doke ni ba, alhamdu lillahi, amma an kira ni ɗan uwa, an ce nonon Ajingi ne ya yi magana. Yayana ya yi kwana huɗu ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Abin da ya fi damuna shi ne gwanin namu, wanda tare muka yi makarantar allo. Ya wuce ni a bakin kasuwa kamar bai taɓa ganina ba.

Ranar da zan koma makaranta na shiga mota a tashar Gaya. Wani fasinja ya cika mu da labarin arzikin kakansa, yana neman a rage masa kuɗin mota. Yaron mota, Bagayi ne haifaffe, ya dube shi ya ce, "Alhaji, kakan naka shi ma Dala ya tafi neman tama?" Mota ta kwashe da dariya, direba ya tayar, muka kama hanyar Wudil.