Dagin Kawu da Kwamfutar Gwanjo

Zane iri biyu ne, ko da yake mu da muka taso a zamanin waya mun fi sanin ɗaya. Akwai zanen da mutum zai dubi abu ya kwaikwaye shi layi bayan layi har ya fitar da kamanninsa. Akwai kuma wanda ba a kallon kome, sai dai a riƙe ƙa'ida a ka: a ɗiga nan, a ja layi ya bi ta can, in ya kai gefe ya juyo, in ya gamu da ɗan'uwansa ya haye shi sau ɗaya, ya nutse ƙarƙashinsa sau ɗaya. Mai irin wannan zane ba hoto ya haddace ba, hanya ya haddace, saboda haka in ka ba shi ƙyalle kamu ɗaya zai cika shi, in ka ba shi bangon soro ma zai cika shi. Masu ilmin kwamfuta suna da fanni sukutum a kan wannan nau'i na biyu, watau a rubuta wa na'ura ƙa'ida, ita kuwa ta haifi siffar da kanta. A wannan takarda zan kira shi zanen ƙa'ida. In malamanmu na sashe suna da sunan da ya fi wannan, to, bismilla.

Turawa sun daɗe a kansa. A 1968 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Hungari, Aristid Lindenmayer, ya nuna yadda 'yan dokoki ƙalilan da ake ta maimaitawa za su bayyana girman tsiro, daga baya aka riƙa amfani da dabararsa ana zana itatuwa a kwamfuta. Ken Perlin na Amurka kuwa, bayan ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, sai ya ƙirƙiro wani lissafi da ke sa wa zane 'yar karkata da ɗan gargada irin na halitta, don dutse ya yi kama da dutse, hayaƙi ya yi kama da hayaƙi. Har lambar yabo masu shirya finafinan Amurka suka ba shi a 1997. A yau manyan manhajojin wannan aiki su ne Houdini, wadda wani kamfani na birnin Toronto ya fitar a 1996, da Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya assasa, aka kuma sake ta kyauta ga kowa a 2002 bayan masu amfani da ita sun yi karo-karo.

To, mai karatu zai ce ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Ruwana shi ne kundin da nake shirin rubutawa a kan sunayen zane-zanen babbar riga: aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar, linzami, da uwa uba dagi. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san dagi ko bai san sunansa ba, domin tun zamanin Jihar Arewa ya zama tambarinmu, yana jikin ƙofofi da motoci da huluna. Ni kuwa a gidanmu na same shi. Kawuna, wan mahaifiyata, mutumin birnin Zariya ne da ya dawo Malali da zama tun ban san hannun damana ba, sana'arsa kuwa zanen riga. Ba ya ɗinki. Shi dai a kawo masa yadi ya shimfiɗa a kan allo, ya tsoma alƙalamin kara cikin tawada ya zana, sa'an nan masu allura su ɗauka su bi sawunsa.

Hutun da ya wuce na zauna da shi da littafina ina tambaya yana ba ni amsa. Abin da na fara lura da shi shi ne, ba ya soma dagi da layi, da ɗigo yake somawa. Sai ya jera ɗige-ɗige sahu-sahu, sa'an nan ya sa layin ya ratsa tsakaninsu a karkace, ba ya taɓa ko ɗaya, in ya kai gefe ya zagayo ɗigon ƙarshe ya dawo. Ɗigo biyu a tsaye biyu a kwance, sai ga zobe biyu sun sarƙe, sun gitta juna wuri huɗu. Wannan shi ne uwar dagi. Na ce masa, “Kawu, ya ake yi wani dagin in na bi shi da yatsa zare ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, wani kuwa biyu ne ko uku?” Bai ɗago kai ba ya ce, “Kai ɗan nan, in tsaye da kwance suka yi daidai, zare ya rabu. In kana son zare ɗaya tilo, ƙara sahu ɗaya a gefe guda.”

Na koma ɗaki na gwada a takarda. Uku da uku, zare uku. Biyu da uku, zare ɗaya. Uku da huɗu, zare ɗaya mai gittawa wuri 17. Huɗu da shida, zare biyu. Ashe yawan zaren shi ne lamba mafi girma da za ta raba tsaye da kwance ba saura, abin da aka koya mana a aji ɗaya na sakandare muka ɗauka wahalar da mu kawai ake yi. Dabarar Kawu ta ƙara sahu ɗaya kuwa ba ta taɓa kuskurewa, don lambobi biyu da ke bin juna ba abin da ke raba su duka sai ɗaya. Daga baya na karanta cewa wani masanin lissafi, Paulus Gerdes, wanda ya yi rayuwarsa a Mozambik, ya tarar da wannan ƙa'ida a zanen da mutanen Cokwe na Angola ke yi da yatsa a kan rairayi. Shi ya rubuta littattafai a kai. Kawu kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Nan ne tunanin kwamfuta ya zo mini. Na ce in na ɗauki hoton dagi hamsin na manna a kundi, dagi hamsin na adana. In kuwa na rubuta ƙa'idar, na adana har waɗanda ba a zana ba tukuna. Blender tana da sashen da aka yi musamman don haka, mai suna Geometry Nodes, wanda ya fara fitowa a 2021. Ba a rubuta dogon umurni a cikinsa. 'Yan akwatuna ne ake jerawa a haɗa su da igiyoyi, wannan ya ce “jera ɗigo”, wancan ya ce “ja layi”, na gaba ya ce “ba shi kauri”. In ka canza lamba ɗaya a akwatin farko, sai siffar duka ta sāke nan take.

Amma fa sai da kwamfutar da za ta iya ɗauka. Tawa 'yar gwanjo ce, ƙirar 2012, irin waɗanda ake jibgewa a shaguna a tsakiyar gari, waɗanda suka gama aikinsu a ofisoshin Turai kafin su zo su yi mana na biyu. Ina tsammani rabin ajinmu irinta suke riƙe da ita. Tana buga takarda lafiya lau, tana kallon fim, to amma zane mai tsawo da faɗi da zurfi wani abu ne daban. A cikin kowace kwamfuta akwai ɓangaren da ke kula da abin da ido ke gani a allo, ana ce masa katin hoto. Manhaja ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta wani harshe da aka yi yarjejeniya a kansa, ɗaya daga cikinsu shi ne OpenGL, shi kuma hawa-hawa ne. Blender ta 2.80 da ta fito a 2019 ta nemi katin da ke jin hawa na 3.3. Ta 4.0 da ta fito a Nuwamban 2023 ta ɗaga zuwa 4.3, aka kuma sanar cewa an daina tallafa wa ƙananan katuna irin na Intel HD 4000, waɗanda ke cikin ɗimbin kwamfutocin wancan zamani. Tawa tana cikin wannan sahu. Mu ɗaliban harshe mun fi kowa gane matsalar: mai magana ya koma wani kari, mai sauraro kuwa yana nan a kan na kakanninsa.

Ban ga laifin masu manhajar ba. Ba za su yi ta goyon tsofaffin na'urori har abada ba, sun kuma bar dukkan tsofaffin fitowar ga mai so ya ɗauka kyauta. Wani abokina mai gyaran kwamfuta a bakin titin unguwarmu shi ya duba mini ita, ya ce, “Mutumina, ram zan iya ƙara maka, daga gigabait 4 zuwa 8. Amma katin nan a manne yake da furosesa, sai dai ka sayi wata.” Na tambayi kuɗin wadda ke da kati na musamman, ya faɗa, na yi dariya, shi ma ya yi. Muka ƙara ram, muka sa ta 3.6, wadda ita ce ta ƙarshe da ke karɓar irin katina, ta kuwa buɗe.

Sai dai kowane gauta ja ne. Akwatin da na fi bukata, watau wanda ke cewa “maimaita wannan aiki sau kaza”, a 4.0 aka fara sa shi. Dagi kuwa ba kome ba ne illa maimaitawa: taka, duba ko ka kai gefe, juya, sake takawa, har ka dawo inda ka tashi. Darussan bidiyo da na samu galibi na sabuwar fitowa ne, malamin yana danna abin da babu shi a allona. Dole na bi ta bayan gida, na koyi ɗan abin da ya sawwaƙa na harshen Python, wanda Blender ke ji tun da daɗewa, na rubuta ƙa'idar Kawu cikin layuka kamar sittin. Mako uku na yi a kai. Batirin ya daɗe da mutuwa, saboda haka da an ɗauke wuta aiki ya tafi. Na koyi adanawa bayan kowane layi kamar mai tsoron ɓarawo. Wanke hoton ƙarshe kuwa, watau fitar da shi da haske da inuwa, aiki ne da masu katunan Nvidia ko AMD ke ɗora wa kati. Ni furosesa ce ke ɗaukar kayan ita kaɗai, fanka na kuka, ƙurar hunturu ta toshe mata hanci, sai na ɗora ta a kan murfin kwano don iska ta shiga ta ƙasa.

Wani ƙaramin abu da ya ba ni haushi fiye da kima: da na zo rubuta sunaye a ƙarƙashin siffofin, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai gurbi ya fito, domin salon haruffan da na ɗauko ba shi da su. Tun shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu ƙugiya cikin rubutun boko, amma har yau sai mutum ya yi ta laluben salon da ya san da zamansu. Na koma Noto Sans, aka zauna lafiya.

Ranar da abin ya yi aiki na kai wa Kawu. Na sa uku da huɗu, dagi ya fito. Na sa bakwai da takwas, ya fito cikin ƙiftawar ido, zare ɗaya, yana hawa yana nutsewa ba kuskure. Ya sa tabarau ya bi shi da ɗan yatsa a kan allon tun daga farko har ya dawo. Ya ce, “Lissafinsa daidai ne. To, sa shi a riga mu gani.” Na ce yaya? Sai ya jawo wata riga da yake cikin zanawa, ya nuna mini inda dagi ke zama, a matse tsakanin askake da bakin aljihu. Wurin ba murabba'i ba ne. Saboda haka sahun sama ya ɗan tsuke shi, na ƙasa ya ɗan buɗa, ya kuma rage kaurin layi a inda ya san allura za ta sha wuya wajen juyawa.

Abokina mai gyara yana wurin, ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a zuba masa lissafin Perlin layin ya ɗan karkace kamar na hannu. Muka zuba. Kawu ya duba ya ce, “Wannan ai hannun mai zazzaɓi ne.” Gaskiyarsa kuwa. Karkatar da lissafin ke bayarwa ba ta san dalilinta ba, tasa kuwa kowace da abin da ya jawo ta: faɗin ƙyalle, kaurin zare, da inda idon mai kallo zai fara sauka in mai riga ya naɗe hannu a kafaɗa. Waɗannan ma ƙa'idoji ne, ana kuma iya rubuta su, sai dai sun fi na ɗigo wuyar kamawa, don shi kansa Kawu ba ya tuna su sai alƙalami na hannunsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda ban so in tayar a gabansa ba amma shi ya tayar. Ɗinkin kwamfuta ya cika gari. Injin zai gama cikin yini abin da mai allura zai yi makonni a kai, kuma wanda bai kai wa mai allura ba, ba zai kawo wa mai zane ba. Kawu ya ce a da kafin salla yadi har tsibi yake yi a zaurensa, yanzu kuwa yana iya ƙirga na wata da yatsun hannu ɗaya. Ya tambaye ni, “Wannan abin naka, injinansu za su iya ci?” Na ce ba kai tsaye ba. Su nasu fayil daban ne, wanda aka fi sani shi ne DST na injinan Tajima, kuma ba ya ɗauke da kome sai umurnin allura: matsa nan, soka, tsaya a canza zare. Ko launin zaren ba ya riƙewa, balle ƙa'idar da ta haifi zanen. Amma ban ɓoye masa ba, akwai manhajojin da ke mayar da zane irin nawa ya zama irin nasu, har da na kyauta. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Su da ma kwafa suke yi daga tsofaffin riguna, suna yanke zare inda ba a yankewa. In za su ɗauka, gara su ɗauki mai kyau. Amma ka rubuta cewa a Zariya aka koya mini, wurin mahaifina.”

Na rubuta haka a layin farko na fayil ɗin, kafin kowane umurni.

Yanzu dagi ya samu, saura askake, su kuwa ƙa'idarsu daban ce, ta tsawo da tsini da tazara, kuma Kawu ya yi alkawarin zama da ni a hutu mai zuwa. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, zanen ƙa'ida da katin hoto da wanke hoto, na miƙa su ga Ƙungiya a tattauna a zama na gaba. Sa'an nan duk ɗan'uwa ko 'yar'uwa da Allah ya hore wa kwamfutar da ke buɗe Blender ta 4, ina roƙon aron yini biyu, domin in gwada ko akwatin maimaitawar nan zai ɗauki aikin layukana sittin. Ana samuna a sashe ranar Laraba bayan laccar nahawu.