Manhajar Da Za Ta Rayu Ko Babu Mai Ita

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Isa da Sabon Birni. Ga mu masu rubuta manhajar kwamfuta, wannan mataki ya zama ma'auni. Manhajar da aka cuɗa komai nata wuri guda ta tsaya cak. Wadda aka gina hawa-hawa kuwa, gyara kaɗan ta nema.

Ina kula da wata ƙaramar manhaja da wasu 'yan kasuwar hatsi na yankin Tozai suke rubuta bashi da ita. Hawa uku gare ta. Na sama shi ne fuskar da ɗan kasuwa yake gani a wayarsa. Na tsakiya shi ne dokokin ciniki: farashin buhun gero, abin da aka biya, abin da ya rage, da canjin naira zuwa sefa ga masu hulɗa da Maraɗi. Na ƙasa shi ne rumbun da bayanai suke kwana. Ƙa'idar guda ce: kowane hawa da na ƙarƙashinsa kaɗai yake magana, kuma ba ruwansa da yadda wancan yake gudanar da aikinsa.

Da sabis ya ɗauke, hawan ƙasa kaɗai na taɓa. Maimakon bayanai su tafi ta intanet, sai su zauna cikin wayar har layi ya dawo. A katin waya aka kai gyaran, hannu da hannu. Lissafin bai motsa ba, bashin kowa bai ɓace ba. Wanda ya san yadda rigimar bashi take raba zumunci ya san girman wannan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1968 Edsger Dijkstra ya bayyana wani tsarin kwamfuta da suka gina hawa-hawa a Eindhoven ta ƙasar Holan. Maginanmu ma sun san ta: bayan damina ana sabunta yaɓe, ana canza azarar da gara ta ci, ba tare da an tone harsashi ba.

Gaskiya ne wannan gini yana cin lokaci da farko, mai ba da aiki kuma ƙagauce yake. Amma sauri kan haifi nawa. A ƙasar Gobir ta yau, inda tashin hankali kan raba mutum da garinsu dare ɗaya, ba lallai ne wanda ya rubuta manhaja ya zama mai gyara ta ba. Wani ne zai gaje ta, wataƙila ɗalibi daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da bai taɓa ganin marubucin ba. Idan ya buɗe ta ya tarar da lissafi a wurinsa, rumbu a wurinsa, zai gyara abin da ya lalace cikin kwana ɗaya. Idan kuwa ya tarar da su a cuɗe, rushewa zai yi, kuma littafin bashin mutane ne zai bi baraguzan.