Mararrabar Achimota

Mu mutanen Kotobabi a tsakanin layin dogo biyu muka tashi, ko da yake ba kowa ne ya lura da hakan ba. Ɗaya ya bi ta gefen Alajo yana rakiyar rafin Odaw zuwa cikin gari, ɗayan kuma ya ratsa ta Dzorwulu ya nufi gabas. Inda suka haɗu, wato tashar Achimota, ba ta da wata tazara daga ƙofar gidajenmu. Amma a tara samarin unguwa a tambaye su wanda ya taɓa yankar tikiti a can, da wuya wani ya ɗaga hannu.

Babban layin shi ne yaya. Daga Ankara, kamar yadda iyayenmu ke kiran Accra, aka faro shi, ya bi ta Nsawam da Koforidua, bai isa Kumasi ba sai a 1923, zamanin Gwamna Guggisberg. Turawa don koko suka shimfiɗa shi, ba don mu ba. Sai dai kakanninmu fatake ne, kuma falke ba ya ganin hanya ya kau da kai. Goron da a da ake ɗora wa jakuna, a bi ta Salaga a yi watanni kafin a ga ganuwar Kano, sai ya koma sauka kudu cikin taragu, a loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can dogon Nijeriya ya haura da shi arewa. Madugu ya ajiye sandarsa ya koyi lissafin kuɗin tarago. Da yawa daga gidajen zangon da muke taƙama da su a yau, albarkacin wannan juyin hanya ne suka kafu a bakin teku.

A 1954 aka fitar da reshe daga Achimota zuwa Tema, domin aikin tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1962. Tun daga nan ƙaramar tashar ta zama mararraba: hannu ɗaya ya miƙa zuwa dajin Asante, ɗaya zuwa teku.

Mu kam ƙarshen abin muka riska. Jirgin fasinja mai zuwa Kumasi ya daina tafiya shekaru sama da ashirin ke nan. Abin da ya rage a lokacin shi ne na 'yan aiki, wanda kan kwaso mutane daga Nsawam da Amasaman da Dome da sassafe, ya mayar da su da yamma, sai kuma na Tema da aka farfaɗo da shi a 2010 da sababbin taragu daga Sin. Muna tuna wani yawon salla da muka shiga na Nsawam, ba don muna da kowa a can ba, sai don mu ce mun hau. Mata 'yan kasuwa sun cika tarago da kwanduna, wani dattijo yana jan carbi a bakin taga, mu kuma muna leƙen motocin da suka cushe a kan titi muna wuce su ɗaya bayan ɗaya. Muka dawo da burodin Nsawam a hammata kamar waɗanda suka je fatauci.

Tun daga lokacin jirgin yake tashi yana faɗuwa: a gyara, a yi biki, a sake tsayawa. Mun iya ɗora wa hukuma laifi, kuma tana da kasonta. To amma su wa suka kafa rumfuna har gab da ƙarfen? Su wa ke baza tumatir da gwanjo a kansa, suna zuba shara a magudanarsa? Akwai namu a ciki, mun san su, muna sayayya a wurinsu.

A 2024 aka ƙaddamar da sabon layi mai faɗi daga Tema zuwa Mpakadan, kilomita 97. Namu tsohon siriri ne, jirgin wancan ba zai iya hawansa ba, don haka sai an sake shimfiɗa shi kafin su gaisa. Kafin nan, kullum da asuba muna tsaye a bakin titi muna kokawar shiga trotro, in mun zo tsallake dogon direba ko waiwaye ba ya yi, awaki na kwance a tsakanin ƙarafan suna tuƙa.