Tuwon Dawa da Alƙalamin Marubuci

'Yan'uwa marubuta, akwai wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu karatun littattafan Hausa a nan ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi. Duk littafin soyayyar da mutum ya buɗe, in aka zo wajen cin abinci, sai ya tarar an jera soyayyiyar shinkafa da farfesun kaji da lemun kwalba a kan tebur. In kuwa tuwon dawa ya samu shiga, to marubucin yana son ya nuna cewa gidan matsiyata ne, kuma a layi ɗaya zai sallame shi. Mu da tuwon nan ya raina har muka zama malaman makaranta, muna ganin ba a yi masa adalci ba.

Ga wanda bai san ƙasarmu ba, Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Ƙasa ce ta duwatsu da noma, mazaunin Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauransu. Dawa ita ce uwar abinci a nan. Domin ta ne saurayi yake yin Golmo, wato noman da yake yi a gonar surukansa har shekara bakwai kafin a ba shi mata, kamar yadda al'ada ta tanada. Domin ta ne kuma ake bikin Uhola bayan kaka, a yi godiya da an kai amfani rumbu lafiya. Abin da aka yi wa wannan irin hidima ya fi ƙarfin layi ɗaya.

Bari mu bi tukunyar daki-daki, mai karatu ya ga irin ilimin da ke cikinta. Kafin dawa ta zama tuwo sai an surfa ta a turmi, a bakace dusar, a wanke, a shanya, sannan a niƙa. Mai tuƙi takan fara da talge, ta bar shi ya nuna, sannan ta riƙa zuba gari tana juya muciya har ya yi danƙo babu gudaji, ta rufe ya sulala, ta kwashe da mara. Wanda ya kwana shi ne ɗumamen safe, ƙanzon gindin tukunya ma ba a zubar da shi.

Miya kuwa, ko ta kuka ce ko kuɓewa ko karkashi ko sure, ranta yana cikin abubuwa uku da mace take haɗawa da hannunta. Na farko daddawa. Ana dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, yini guda ko fiye, a surfe ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a lulluɓe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku har ta yi, sannan a kirɓa a shanya. Akwai kuma daddawar batso da ake yi da 'ya'yan sure, mai ƙarfin wari, wadda kaɗan daga cikinta take tayar da tukunya guda. Na biyu ruwan toka: a ƙona karan dawa, a zuba tokar a cikin kasko mai huji, a zuba ruwa ya riƙa ɗiga a hankali. Shi yake kashe tsamin sure, ya sa wake ya nuna da wuri, ya tsaya a madadin kanwa. Na uku man kaɗe, wanda aikinsa yake farawa tun daga tsintar kaɗanya a farkon damina, ya bi ta shanya da fashi da suya da niƙa da cuɗa, kafin man ya taso.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta ma'auninsa. A hanci da yatsa da harshe iyayenmu mata suke riƙe da shi, kuma 'ya tana ɗauka ne ta wurin zama kusa da murhu. To, ga inda gizo ke saƙar. A makarantun da muke koyarwa, in muka ce ɗalibai su rubuta insha'i a kan abincin da suka ci jiya, da yawansu taliya da shinkafa suke rubutawa, alhali mun san gidajensu, mun kuma san tuwo suka kwana da shi. Kunya suke ji, domin ba su taɓa ganin abincin gidansu a cikin littafi da daraja ba. Yarinyar da take jin kunyar daddawa ba za ta tsaya ta koyi yin ta ba, tun da ga ɗan dunƙulen kanti a bakin titi.

Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a yankunan Danko-Wasagu da Sakaba, musamman daga 2021, sun kori mutanen ƙauyuka da dama zuwa cikin gari. Tsohuwar da ta bar garinsu ta bar bishiyoyin ɗorawa da kaɗanyar da ta sani, ta bar rumbunta da dutsen niƙanta. A ɗakin haya ba ta da karan da za ta ƙona, ba ta da dajin da za ta shiga. Masu gawayi kuma suna bin itacen kaɗanya da gatari. Ilimin da ba a aiki da shi, ba a kuma rubuta shi ba, da mai shi ake binne shi.

Akwai darasi a wurin wasu mutane na ƙasar Indiya da ake kira Malbani, mazauna gaɓar teku a kudancin Jihar Maharashtara. Su ma ƙaramar al'umma ce mai karin harshenta, abincinsu kuwa kifi ne da shinkafa da kwakwa da wani ɗan itace mai tsami kamar tsamiyarmu. Ba su raina girkin iyayensu ba, har ya kai a birnin Mumbai akwai gidajen abinci da suke ɗauke da sunan ƙabilar a allon ƙofarsu. A nan gida ma, littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, ya samu ne domin wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna gaban tsohuwa da alƙalami tana saurare. Mu da muke jin harshen tsofaffinmu ba mu da uzurin jiran baƙo.

Saboda haka shawararmu ga masu sha'awar rubutu ita ce, kowa ya nemi tsohuwa ɗaya a danginsu ya zauna da ita ranar da take aiki. Ya gaishe ta, ya ce, "Iya, yau na zo koyo ne," ya rubuta sunan kowane ganye da kowane mataki da harshen da ta faɗa, C'lela ne ko Fakkanci ko Hausa, ya tambayi dalilin kowane abu: me ya sa kwana uku, yaya ake gane ta yi, me ake dafa wa mai jego, me ake kai wa masu aikin gayya. Sannan in ya zo tsara labari, ya bar tauraruwarsa ta riƙe muciya, ya bar mai karatu ya ji ƙanshin miyar. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Muna fatan a fitowa ta gaba za mu ga wani daga Argungu ya kawo mana yadda ake sarrafa kifi a garinsu, wani kuma daga Yawuri ya kawo nasu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gonarsa, amin.