Awon Basirar Yaro da Harshen da Bai Iya Ba

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Idan haka abin yake ga babba, to ina ga yaro ɗan shekara bakwai wanda aka zaunar a aji, malami yana ta bayani da harshen da ba a yi a gidansu? Wannan tambaya ce ta sa na bi diddigin yadda ƙasar Amurka ta yi ta fama da ilmin 'ya'yan baƙi, watau yaran da kan shiga makaranta ba su iya Turanci ba. Yawansu ya kai wajen miliyan 5, kimanin ɗaya cikin goma na ɗaliban makarantun gwamnati, kuma galibinsu Sifaniyanci suke yi a gida.

Ta fuskar shari'a an daɗe da buɗe musu ƙofa. A 1968 majalisar ƙasar ta zartar da dokar koyarwa da harsuna biyu. A 1974 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lau da Nichols, wadda ta shafi yara 'yan asalin Sin kimanin 1,800 a San Faransisko, inda ta nuna cewa ba a yi wa yaro adalci ba don kurum an ba shi littafi da malami irin na kowa, alhali ba ya fahimtar abin da ake faɗa. A 1982 kuma, a shari'ar Plyler da Doe, kotun ta hana jihar Tekzas rufe wa yara makaranta saboda sun shigo ƙasar ba da takardu ba.

Bayan an shiga aji sai gardama ta koma kan lokaci. A 1998 jama'ar Kalifoniya suka jefa ƙuri'a cewa a koyar da irin waɗannan yara da Turanci zalla, a aji na musamman, na kimanin shekara ɗaya, sa'an nan a haɗe su da sauran. Amma masanin nan na Kanada, Jim Cummins, ya riga ya nuna cewa Turancin hira da wasa yakan samu cikin kamar shekara biyu, shi kuwa Turancin karatu, wanda ake bayanin kimiyya da tarihi da shi, yakan ci shekara 5 zuwa 7. Malami kan ji yaro yana zuba Turanci a filin ƙwallo, ya ɗauka an gama, in ya faɗi jarrabawa a ce daƙiƙi ne. A 2016 Kalifoniya ta sake ƙuri'a, ta janye mafi yawan wannan doka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake ƙidayar nasararsu. Dokar ilmi da aka sa wa hannu a 2002 ta tilasta a riƙa jarraba yara kowace shekara daga aji 3 zuwa 8, a kuma fitar da sakamakon masu koyon Turanci daban. Wannan ya yi amfani, domin makaranta ba ta da halin ɓoye su a bayan sauran. Sai dai da zarar yaro ya ƙware a Turanci akan cire shi daga rukunin, sabon zuwa ya maye gurbinsa. Ke nan rukunin kullum a baya yake, tamkar a ƙidaya waɗanda ke kwance a asibiti kaɗai, a ce likita bai taɓa warkar da kowa ba. Dokar 2015 ta rage wannan illa, da ta yarda a ci gaba da lissafa su a rukunin har shekara 4 bayan sun ƙware.

Ni ban taɓa ƙaura zuwa ko'ina ba, amma na san wannan hali, don kuwa ɗan Bahaushe yakan zama baƙo a ajin garinsu. A firamare muna da wani abokin karatu wanda ke yi wa mahaifinsa lissafin cinikin hatsi da ka ranar kasuwa, ba ya kuskure ko na kwabo. Da zarar an rubuta masa wannan lissafi cikin jimlolin Turanci sai ya yi zuru. An rubuta a katinsa cewa ba ya jin lissafi, bai kuwa wuce aji shida ba.

Manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na mutanen wurin. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, na koyarwa da Yarabanci shekara shida, ya nuna yaran ba su gaza a Turanci ba. A 2022 gwamnati ta amince da harshen uwa har ƙarshen firamare, a 2025 kuma ta soke, tana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawar kammala sakandare. Amma yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a 2025, balle ya zauna wannan jarrabawa.

Saboda haka, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, duk lokacin da aka shimfiɗa mana alkaluman faɗuwa, ya kamata mu tambaya: da wane harshe aka yi awon, su wa aka ƙidaya, kuma shekara nawa aka ba yaron? Sa'an nan mu tuna cewa harshen uwa ba ya koyar da kimiyya sai da littattafai da ƙwararrun malamai, wannan kuwa aikin sashenmu ne. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin, amin.