Cikin da ƙanwata ba ta san da shi ba

Shekararta biyu da aure likita ya ce ƙodar ƙanwata ta taɓu. Hawan jini ne ya daɗe yana cin ta a ɓoye, ba mu farga ba sai da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Aka ɗora ta a kan lisinopril, aka hana ta gishiri da magi. Zancen haihuwa kuwa ba wanda ya tayar, ita ma kunya ta hana ta tambaya, ga likita namiji, ga layi har bakin ƙofa.

Da ciwon ya yi nisa sai al'adarta ta rikice, ta zo wannan wata, ta ɗauke wata uku. Haka ciwon ƙoda yake yi wa mata, yakan rage samun ciki, amma bai cika rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Mu dai muka ɗauka ta rufu. Dangin miji har sun fara raɗe-raɗin ƙarin aure. Shi ya sa da kasala da tashin zuciya suka zo, kowa ya ce ciwon ne, don alamunsu ɗaya.

Ran nan da daddare ta kira ni a waya. "Yaya, wallahi wani abu yana motsi a cikina." Washegari hoto ya nuna ciki ya kusa wata biyar. Ina tsaye likitar mata ta karɓi ledar magungunanta, ta zare lisinopril ta jefa a aljihun teburi. Ta ce wannan magani yana lalata ƙodar ɗan tayi, yana ƙafar da ruwan da yake kwance a ciki. Ta canza mata da methyldopa da nifedipine. Ta ce da sun gan ta da wuri, da tun mako na 12 sun fara ba ta ƙaramin asfirin don rage haɗarin jijjiga. Allah ya taimaka, ruwan bai ƙafe ba.

Daga nan asibiti ya zama gidanmu: awo, gwajin fitsari, gwajin jini, ƙarin jini. A wata na bakwai jininta ya hau, ga ciwon kai, tana cewa tana ganin walƙiya. A daren aka yi mata tiyata, aka ciro 'ya mace bakwaini, aka sa ta a kwalba.

Rigimar da ta fi ba ni wuya a gida aka yi ta. Inna ta dama kunun kanwa mai kauri, ta cika kwano. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, kanwa 'yar uwar gishiri ce, likita ya hana." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da wannan kunun na yi jegonki, ga ki nan kina mini boko." Ban ga laifinta ba, abin da ta gada ke nan, kuma ƙauna ce ta sa ta tashi da asuba ta hura wuta. Sai da Kawu ya sa baki aka koma kunu marar kanwa, Inna ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata sosai.

Yarinya ta rayu, yanzu tana firamare. Amma cikin ya ƙarasa ƙodar uwarta, ba a rufa shekara ba aka fara yi mata wankin ƙoda. Duk da haka ta tambayi likita ko za ta ƙara haihuwa, wannan karon ba kunya, mijinta na zaune. Ya ce a Toronto ta Kanada, matan da aka yi wa wanki fiye da awa 36 a mako, 85 cikin 100 sun haihu da rai. Wankin da aka saba awa 12 ne a mako, mu ko shi ba kullum kuɗinmu ke kaiwa ba. Ya ce hanya mafi aminci ita ce dashen ƙoda, a jira aƙalla shekara guda, a canza wasu magunguna, sannan a nemi ciki. Tun 1958 wata Ba'amurkiya, Edith Helm, ta haihu bayan dashe. A ranar da ƙanwata ta yi tambayar aka sa mata ashanar tazarar haihuwa a hannu, da yardar mijinta.

Likitocinmu na ƙoda, don Allah duk macen da ke ganin al'ada, ko da jefi-jefi ne, ku tayar mata da zancen ciki tun ranar da kuka rubuta mata magani na farko, kuma ku kira mijinta ya ji da kunnensa.